Yaya, ga amsar tambayarka kan ƙuri'ar ɗan naka

Yaya, saƙon muryarka mai minti 14 ya same ni a cikin mota, na taso daga aikin dare ke nan, idanuna kamar an watsa musu barkono. Sau biyu na saurare shi. Ka bi ta Tudun Wada ka ɓullo ta Sabon Gari kafin ka ajiye tambayar, amma dai guda ce: wai da gaske ne ɗan naka ya jefa ƙuri'arsa ga jam'iyyar da ke son a halatta ƙwaya a kuma bar kowa da bindigarsa, ni da babansa muna zaune mun zuba ido?

Da gaske ne. Wanda ya kai maka labarin bai yi ƙarya ba, sai dai ya ba ka kai ya riƙe gangar jiki. Na ga gara in rubuta, don na san daga majalisarku ta ƙofar gida maganar ta taso, kuma can za ta koma. Ka karanta musu.

Sunan jam'iyyar Libatariyan. An kafa ta a jihar Kolorado a ƙarshen 1971, kuma ita ce ta uku a Amurka, ko da yake idan ka jera ta da Dimokurat da Rifablikan kamar ka ɗaure ɗan akuya ne a tsakanin raƙuma biyu. Mu a gidanmu 'yan a-sakar-mana-mara muke kiransu. Aƙidarsu ita ce mutum shi ya mallaki kansa da guminsa, aikin gwamnati kawai ta hana wani ya cuci wani. Ban da wannan ta janye hannunta. Kada ta tatsi haraji, kada ta tura soja ƙasar wasu, kada ta leƙa abin da kake sha a ɗakinka, kada ta tambayi abin da ke ƙarƙashin matashinka. Da yawansu ko sigari ba sa sha, don haka tallar ƙwaya ba ita ce a gabansu ba. Cewa suke yi hukuma ba ta da hurumin ɗaure baligi saboda abin da ya zuba wa cikinsa. Ƙuri'a mafi yawa da suka taɓa samu a zaɓen shugaban ƙasa ita ce ta 2016, lokacin da Gary Johnson, tsohon gwamnan Niyu Meziko, ya tashi da kusan miliyan 4.5, wato kashi 3 cikin 100 da 'yar ɗoriya. A 2024 ɗan takararsu Chase Oliver, mutumin nan Atlanta ne, ko kashi 1 bai kai ba. To a cikin wannan 'yar ƙuri'ar akwai ta ɗan naka.

Hujjarsu da ta fi kama shi lissafi ce. Hukumar da ke ƙidayar cututtuka da mace-mace a ƙasar nan, CDC, hedikwatarta a nan Atlanta take, nakan wuce ta gabanta. A ƙidayarta ta 2021 bindiga ta kashe mutum 48,830, kuma ba a taɓa kai wannan adadin ba kafin shekarar. A wannan shekarar dai, waɗanda ƙwaya ta yi wa yawa suka mutu sun kusa 107,000. A 2022 suka doshi 108,000. Ninki biyu ke nan har da ɗori. Sai 'yan a-sakar-mana-mara su ce: ga abu biyu. Ɗaya kundin tsarin mulki ya halatta shi tun 1791, kuma an kiyasta a 2018 cewa akwai bindiga miliyan 393 a hannun fararen hula, sun fi mutanen ƙasar yawa. Ɗayan kuma an shelanta yaƙi da shi tun 1971, lokacin da Shugaba Nixon ya kira shi babban maƙiyin al'umma, an kashe kuɗi ba iyaka, an cika gidajen yari. To wanda aka haramta ɗin shi ya fi kisa. Ina amfanin haramcin? Kuma da wane ido za a ce a ƙara haramta bindiga, alhali ga abin da haramci ya haifar a gabanmu?

Ranar da ya fara kawo mini wannan magana muna cin tuwo, ban amsa ba. Ni da nake ganin gawarwakin nan biyu da idona, na san lissafin daidai ne, na kuma san akwai abin da ya haɗiye.

Shekarata 16 ina aikin nas a sashen gaggawa na asibiti. Wanda aka harba, tun kafin a shigo da shi ka sani. Jiniya, 'yan sanda a bakin ƙofa, jini har kan takalminmu, likitoci shida a kan mutum ɗaya, uwa tana birgima a waje. Washegari yana talabijin. Wanda ƙwaya ta kayar kuwa shiru ake kawo shi. Leɓensa ya yi shuɗi, ƙwayar idonsa ta tsuke ta koma kamar tsinin allura, numfashi sai ka kasa kunne kafin ka ji ɗaya. Wani lokaci abokansa ne za su sauke shi a bakin ƙofa su ja mota su gudu. Mu fesa masa Narcan a hanci, maganin da ke kore ƙwayar daga inda ta kama a ƙwaƙwalwa. Bayan minti biyu ko uku sai ka ga mutumin da ya sa ƙafa ɗaya a kabari ya zabura ya tashi zaune, yana amai, yana rawar ɗari, yana zaginmu don mun ɓata masa maye. Wata yarinya sau uku na tashe ta cikin wata guda. Na huɗu ba a kawo ta wajenmu ba, wani wurin aka kai ta. Babu talabijin, babu kowa a waje.

Akwai kuma na ukun da ba ya ma iso mu. Cikin mutum 48,830 ɗin nan na bindiga, 26,328 su suka harbi kansu. Fiye da rabi. Waɗanda wani ya kashe 20,958 ne, sauran kuma tsautsayi ne da harbin 'yan sanda da makamantansu. Harbin makarantu da kantuna da kuke gani a Facebook kuna salati, duk muninsa, ɗan ƙaramin yanki ne na wannan adadi. Mafi yawan gawar bindiga a Amurka namiji ne shi kaɗai a ɗakinsa ko a motarsa, sau da yawa ma dattijo ne a ƙauye. Wanda ya juya bakin bindiga kansa, kusan tara cikin goma ba sa tashi, shi ya sa ba ma ganinsu. A ɓangaren ƙwaya kuma abin ya juye: fiye da kashi 90 cikin 100 ba su yi niyyar mutuwa ba. Maye suka nema.

Yanzu bari in gaya maka yadda mu Hausawan nan muke ɗaukar abin, don ita ce ainihin tambayarka, kuma a nan ne kunyar take.

Ba mu da yawa a Atlanta da kewayenta. Akwai 'yan Najeriya, akwai 'yan Nijar, akwai 'yan zangon Ghana, kuma Sallah da suna da janaza ne ke haɗa mu. Wasu direbobin Uber ne ko manyan motoci, wasu suna gidajen mai, wasu asibiti kamar ni, wasu aikin kwamfuta. Wanda duk ya samu takardar zama ɗan ƙasa yana da ƙuri'a. Dattawanmu galibi Dimokurat suke yi, saboda maganar takardu da shigo da iyali, duk da cewa idan aka zo batun tarbiyya da aure za ka rantse 'yan Rifablikan ne. A kan ƙwaya kuwa bakinsu ɗaya da naka: a kama, a ɗaure, a jefar da makullin. Hisba ce a zuciyar kowannensu.

Amma fa da yawa daga cikin waɗannan dattawan suna da bindiga. Wanda ke tsaron kantin gidan mai daga 10 na dare zuwa asuba, an taɓa ɗora masa bakin bindiga a goshi saboda dala 80, ba wa'azin da za ka yi masa. Tun Afrilun 2022 dokar Jojiya, jihar da Atlanta take ciki, ta ba duk wanda ya cancanci mallakar bindiga damar yawo da ita ba tare da neman lasisi ba. Akwai ma wani gari kusa da mu, Kenesa, da ya yi doka tun 1982 cewa kowane maigida ya ajiye bindiga a gidansa, ko da yake an ɗauke wa wanda bai yarda ba kuma ba a bin gida-gida ana dubawa. Surukinka ma ya saya a 2020. Tana cikin wani akwatin ƙarfe a saman durowa, mai buɗewa da zanen yatsansa. Mun yi sati ba ma magana sosai a kan akwatin nan. Har yau idan zan share wajen, da gefen ido nake kallonsa.

To ka ga dattijonmu: bindiga halak, ƙwaya haram, babu wani ruɗani a kansa. Kuma haka muke yi da gawa. Idan aka harbe yaronmu, kafin awa ɗaya hotonsa ya cika zaurukan WhatsApp, a yi karo-karo, masallaci ya cika ya batse, ana cewa Allah Ya karɓi shahadarsa. Idan ƙwaya ce, sai ka ji an ce bugun zuciya. Ko a ce ya kwanta ne bai tashi ba. Yaro ɗan shekara 22, mai buga ƙwallo, wai bugun zuciya. Kowa ya sani, kowa ya yi shiru, uwar tana karɓar gaisuwa kanta a sunkuye kamar ita ta yi laifin. Ni kuma da na san abin da ke rubuce a irin waɗannan takardun, sai in ce Allah Ya jiƙansa in tashi in kama wanke-wanke.

Ɗaya daga cikin masu bugun zuciyar nan abokin ɗan naka ne tun suna makarantar allo ta Asabar da Lahadi. Ba ɗan shaye-shaye ba ne irin wanda kake hasashe. Ƙwaya ɗaya aka ba shi a wajen wani biki, an ce maganin ciwo ne. Jabu ce, an buga ta da fentanil. Shi fentanil ɗin nan ya ninka hiroyin kusan sau 50 a ƙarfi, miligiram 2 na iya kashe mutum, abin da bai wuce ka dangwala bakin fensir a gishiri ba. Shi kaɗai da danginsa na haɗin ɗakin gwaji suna cikin mutuwar sama da mutum 70,000 a 2021. Yaron ya fara munshari, abokan suka ɗauka barci ne. Da suka gane ba barci ba ne, sai suka tsaya gardama a kan ko a kira motar asibiti, domin inda ta je 'yan sanda na biye, kuma ɗaya daga cikinsu girin kad gare shi, wato takardar izinin zama ba ta zama ɗan ƙasa ba, wanda laifin ƙwaya na iya sa a tasa ƙeyarsa gida. Tun 2014 Jojiya na da dokar da ta kare wanda ya kira neman agaji a irin wannan hali daga kamu kan 'yar ƙwayar da aka samu a wajen. Ba su san da ita ba. Ko da sun sani, ban tabbata za su yarda da ita ba, don tun suna goye muke tsorata su da hukuma. Kafin su gama shawara an wuce wurin.

Ɗan naka yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar. Ya dawo gida ya zauna a ƙasa a ɗakin girki da rigarsa mai jar ƙasa a gwiwa, ya ce mini: Umma, ƙwayar ce ta kayar da shi, amma tsoron 'yan sanda da kunyarmu ne suka ƙarasa shi. Daga ranar ya fara karance-karancen da suka kai shi inda yake.

Kuma ya iya gardama, halin kawunsa ya ɗauko. Zai kawo maka yadda Amurka ta haramta giya daga 1920 zuwa 1933, abin da ta samu shi ne 'yan daba masu arziki da barasa mai makantarwa, har ta haƙura ta janye. Zai ce ɗan fasa-ƙwauri kullum abin da ya fi ƙarfi ya fi ƙanƙanta yake nema don ya ɓoyu, shi ya sa aka tashi daga hiroyin aka koma fentanil da za a iya aikowa a ambulan ɗin wasiƙa. Zai kawo dokar 1986 da ta sa hukuncin giram 1 na hodar iblis ɗin da talakawa baƙaƙe suka fi sha ya yi daidai da na giram 100 na garin hodar da masu hali ke shaƙa, ba a rage wannan bambanci ba sai 2010. Ya tuna mini cewa a titi ba wanda ya san shi da Bahaushe, baƙin yaro ne kawai. Sannan ya rufe da labarin Kathryn Johnston, tsohuwa mai shekara 92 a nan Atlanta. A Nuwamban 2006 'yan sandan yaƙi da ƙwaya suka ɓalle ƙofarta da dare bisa bayanin ƙarya. Ta ɗauka ɓarayi ne, ta harba tsohuwar bindigarta sau ɗaya. Suka mayar mata da harsashi 39. Da suka ga babu komai a gidan, sai suka ajiye wiwi don su rufe ɓarnarsu. Uku daga cikinsu sun yi zaman kaso. Ya ce to Umma, wannan gawar a wane layi za a rubuta ta, na bindiga ko na ƙwaya?

Ban da amsar wannan. Amma ina da nawa.

Na ce masa annobar nan ba daga bayan fage ta faro ba. Daga kantin magani ta faro, da takardar likita. A 1996 kamfanin Purdue ya fito da wani maganin ciwo mai ƙarfi, OxyContin, yana cewa haɗarin kamuwa da shi kaɗan ne, likitoci suka yi ta rubutawa, har a 2007 kamfanin ya amsa laifin yaudara aka ci su tarar sama da dala miliyan 600. Mutanen da suka kamu, da aka tsuke bakin kanti, su ne suka koma titi. To wannan halak ne a doka, kasuwa ce mai zaman kanta irin wadda jam'iyyarka ke yabo, ga abin da ta yi. Na ce in lissafin gawa ne alƙali, taba sigari na kashe kimanin 480,000 a shekara a ƙasar nan, giya kuma kimanin 178,000, kuma duka biyun a kan kanta ake sayar da su. Lissafin da ka ɗauko ya ce haramci na kisa, shi ne kuma zai ce halasci ya fi kisa, ya danganta da inda ka tsayar da ƙidayar.

Na kawo masa jihar Oregon. A Nuwamban 2020 mutanenta suka jefa ƙuri'a cewa a daina ɗaure wanda aka kama da 'yar ƙwayar shansa, tarar dala 100 kawai, ita ma a yafe idan ya kira layin neman taimako. Abin ya zo daidai da shigar fentanil yankinsu, titunan Fotlan, birni mafi girma a jihar, suka cika da masu shaƙa a fili, gidajen jinyar da aka yi alkawari ba su tashi da wuri ba. A 2024 majalisar jihar, wadda 'yan Dimokurat ke da rinjaye, ta mayar da shi laifi. Shi kuma ya ce Fotugal ta yi irin wannan tun 2001 kuma ta ga amfaninsa. Na ce ƙwarai, domin Fotugal ta zuba kuɗin gwamnati a jinya da bin mutum har gida, wato harajin nan da ku ba ku so.

Inda muka fi yin zafi kuwa shi ne maganar mallakar kai. Yaya, ka san yadda aka raine mu: rai amana ne, aro aka ba mu. Amma ko na ajiye addini a gefe na yi magana a matsayin nas, yarinyar nan da na tasa sau uku, wane 'yanci gare ta? Jikinta ne ke ba ta umarni duk bayan awa huɗu. Kuma ban taɓa ganin gawar da ta cuci kanta ita kaɗai ba, kullum akwai yaro a gida da kaka za ta ɗauka. Ita kuma bindiga, ko wannan uzurin ba ta da shi, tunda harsashi ba ya neman izinin wanda zai shiga. Tun 2020 bindiga ce kan gaba wajen kashe 'yan shekara 1 zuwa 19 a Amurka, ta wuce haɗarin mota. A Satumban 2024 wani yaro ɗan shekara 14 ya kashe ɗalibai biyu da malamai biyu a makarantar sakandaren Apalachee, tafiyar kusan awa ɗaya daga nan. Ranar autata tana makaranta, ni kuma ina aiki, wayata a aljihu tana ta rawa. Ɗan naka ya ce ai na faɗa da bakina fiye da rabin gawar bindiga masu kashe kansu ne. Na ce wannan ai hujjata ce a kanka. Baƙin ciki na minti goma idan ya tarar da akwatin nan a saman durowa, ba Narcan ɗin da zan fesa.

Abin da ban iya musa masa ba shi ne manyan jam'iyyun biyu kowace gawa ɗaya take yi wa kuka. Ɗan Rifablikan zai hau mimbari ya yi ta fentanil da iyakar Meziko, ka ambaci bindiga ya ce addu'a za a yi. Ɗan Dimokurat zai zubar da hawaye a kan bindiga, waɗanda ƙwaya ke kwashewa a ƙauyukan Bajiniya ta Yamma, jihar da ta fi kowace yawan wannan mutuwa idan aka auna da yawan jama'arta, ba su cika shiga jawabinsa ba. Su 'yan a-sakar-mana-mara aƙalla mudu ɗaya suke aunawa da shi. Ni dai mudun ne ban yarda da shi ba. Su ma ɗin idan zaɓe ya matso rabewa suke yi. Wanda ya fi tsoron a ƙwace masa bindiga sai ya sulale wajen Rifablikan, wanda gidan yari ya fi ci wa rai ya leƙa Dimokurat. A Mayun 2024 Trump ya je babban taronsu a Washington, suka yi masa ihu, amma ya yi musu alkawarin sakin Ross Ulbricht, wanda aka yanke wa ɗaurin rai da rai saboda kasuwar ƙwaya ta ɓoye da ya buɗe a intanet. Ya hau mulki, washegari ya yafe masa. Mutumin da ke cewa a kashe dillalan ƙwaya ke nan. Ɗan naka ya yi dariya har da tari, ya ce siyasa ba ta da ƙibla.

Kada kuma majalisarku ta ce ya zubar da ƙuri'arsa a rariya. A Jojiya 'yar ƙuri'ar nan tana da nauyi. A 2020 Biden ya ci jihar da ratar 11,779 kacal, alhali 'yar takarar Libatariyan, Jo Jorgensen, ta kwashi sama da 62,000. Kuma dokarmu ta ce a zaɓen sanata ko gwamna sai ɗan takara ya haura rabi. A shekarar dai, Sanata David Perdue ya tsaya a kashi 49.7 saboda ɗan Libatariyan ya yagi kashi 2, aka je zagaye na biyu, ya sha kaye a hannun Jon Ossoff, majalisar dattawan ƙasar gaba ɗaya ta canza hannu. A 2022 shi wannan Chase Oliver ɗin ne ya tilasta wa Sanata Warnock na Dimokurat da Herschel Walker na Rifablikan zuwa zagaye na biyu. Ga kuma Gaza, wadda a 2024 ta sa samarin Musulmi da yawa suka ce hannunsu ba zai dangwala wa ko ɗaya daga manyan biyun ba. Ni Kamala Harris na yi wa, ina toshe hanci. Surukinka har yau bai faɗi wanda ya yi wa ba, abin da ya sa nake zarginsa.

Ka ce a saƙonka da a gida ne da ka sa an zaunar da shi. To Yaya, bari in ɗan taɓa ka, ka yi haƙuri. A Yunin 2022, da gwamnatin Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga su kare kansu daga 'yan bindiga, wa ya kira ni yana cewa sai yanzu aka yi maganar hankali, tunda hukuma ta gaza a bar talaka ya tsare gidansa? Da manyan tsaro na Abuja suka ce gwamna ba shi da wannan hurumin, wa ya yi kwana uku yana faɗa? Wannan magana taka, kalma da kalma, ita ce rabin aƙidar Libatariyan. Kuma kai ne ka ba ni labarin cewa bayan an hana maganin tari mai kodin a 2018, yaran unguwa ba su shiryu ba, kwalbar ce ta yi tsada, wasu suka koma taramol da abin da ya fi shi muni. Wannan kuma shi ne ɗaya rabin. Bambancinka da ɗan naka, kai kana riƙe da kowane rabi a aljihu daban.

Wani abu ya ɗan sauya a nan. A Maris ɗin 2023 aka yarda a sayar da Narcan ba tare da takardar likita ba, kuma a 2024 mutuwar ƙwaya ta sauko zuwa wajen 80,000, raguwar kusan kashi ɗaya cikin huɗu a shekara guda. Masana na ta muhawara a kan dalilan, amma yaɗuwar maganin nan na cikin waɗanda ake ambata. Ɗan naka da abokansa suka sayi kwali biyu suka kai masallacinmu, suka ce a ajiye kusa da akwatin agajin gaggawa. Dattawa suka tashi, wai ana so a ce 'ya'yan Musulmi 'yan ƙwaya ne. Aka yi wata biyu ana ja. Wanda ya kashe gardamar mahaifin yaron nan ne mai bugun zuciya. Bai yi jawabi ba. Bayan sallar Isha ya tashi ya ɗauki kwalin daga hannun yaran, ya buɗe durowar da ke bayan mimbari ya saka, ya juyo ya ce wa ladan kada a kulle ta. Ni aka sa na koya wa mata yadda ake fesawa, ranar wata Lahadi bayan karatu, da 'yar tsana a kan darduma. Mata 23 suka zo. Da aka tashi, uku sun tsaya sai da kowa ya fita, sannan suka tambaye ni a ina ake sayarwa.

Na gaya wa ɗan naka ka yi tambaya a kansa. Ya ce zai kira ka ranar Juma'a bayan kun sauko daga masallaci, kuma yana so ka faɗa masa, cikin waɗanda suka cike fom ɗin bindigar nan a Gusau, mutum nawa ka sani da lasisin ya fito. Ka tanadi amsa, ka kuma sa wayarka a caji, don ba ya gajiya. A gaida Yaya Babba da yara.